Rana Ta Ɗari Da Arba'in

Shafi na 23

Masu cewa na cika tsananta wa Zailani, ku karanta wannan shafin tukuna.

"Maimaita min abin da na ce maka ranar da na ba ka filashin."

"Kin ce na maket ne."

"Na me?"

"Na maket, Sumayya. Na kasuwa. Kunnena ƙalau yake, haka kika ce."

Sumayya ta tsaya tana kallonsa, ta rasa ko dariya za ta yi ko ta kwaɗa masa jan alƙalamin da ke hannunta. Ruwa na ta dukan kwanon ɗakin, irin ruwan Douala da ba ya neman izinin kowa, amma ita zufa take yi. Ta fizgi wata takarda a kan tebur, ta rubuta MAQUETTE da manyan baƙaƙe, ta kai masa ita har gaban hanci ta ce ya karanta.

Zailani ya ƙura wa takardar ido. Sai da ya motsa leɓe sau biyu kafin ya ce, "Makuwette."

"Maket ake faɗinta. Faransanci ce. Aikin da ba a gama ba kenan, gwaji. Kai da kake sayar da atamfa, ka taɓa ganin tela ya yanka yadi ya riƙe shi da allurai, mace ta saka ta fita titi a haka?"

Ta jefar da takardar a kan tebur.

"To a haka ka fitar da ni."

Sai ya shiga rantse-rantse. Ya ce shekararsa uku kacal a garin nan tun da ya baro Gusau, Faransancinsa bai wuce gaisuwa da ƙirgen yadi ba, ita ma ta sani. A kasuwar Marché Congo, inda yake tsaron shagon kawunsa, in mutum ya ce maket to kasuwa yake nufi, babu wanda bai san wannan ba. Ranar da ya biyo ta layinsu da safe ta miƙa masa filashin tana sauri kar motar Bonanjo, unguwar ofishinsu, ta wuce ta, ta ce waɗannan maket ne, shi murna ma ya yi. Ya ɗauka Allah ya kawo ranar da ta yarda a saki waƙoƙin. Shi ya sa ya kai wa Ɓoɓɓo mai tura wa mutane waƙa a waya. Ina laifinsa a nan?

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar tasa tana iya zama gaskiya. Kuma rabin laifin nata ne. Waƙoƙi goma sha ɗaya ta yi niyyar zuba masa, waɗanda ya rera a kan kiɗanta, don ya riƙa saurare yana gyara muryarsa. Garin sauri ta ja kundin gaba ɗaya ta jefa a ciki.

Kundin nan kuwa rayuwarta ce ta wata bakwai.

Tun ranar da ta yi wa kanta alkawarin shekara guda ba fashi, Sumayya ba ta sake komawa barci bayan sallar asuba ba. Tana sallamewa take shigowa wannan ɗan ɗakin na bayan gidan Goggo Sabuwa, wanda ta manne bangonsa da kwalayen ƙwai da tsohuwar katifa, ta kunna kwamfuta, ta yi awa guda cur tana haɗa kiɗa kafin ta yi shirin ofis. Kuma tana da ƙa'ida. Kafin ta taɓa komai sai ta matso makirufo ta faɗi lambar ranar da abin da take son gyarawa. In ta gama ta sake matsowa ta faɗi gaskiyar abin da ya fito, da daɗi ko ba daɗi. Sannan ta tashi ta soke ranar da jan alƙalami a kalandar bango. Ran Lahadi ta zauna ta saurari na makon duka, ta ji ko ta matsa gaba ko tana nan inda take.

Ba don kunnen kowa take wannan maganar ba, shi ya sa ba ta taɓa tauna ta ba. Akwai ranar da ta yi ta zagin kanta kamar ta sami ɗan kishiya. Akwai ranar da ta kwaikwayi tafiyar harshen shugabar ofishinsu. Akwai rana ta sittin da ɗaya, ranar da mahaifiyarta ta cika shekara huɗu da rasuwa, wadda ba ta haɗa ko ganga ɗaya ba, ta kunna makirufo ta yi ta kuka tana kiran Inna har awar ta cika. Ta share fuska ta tashi ta soke ranar, don ƙa'idar ba ta ce sai an yi abin kirki ba, cewa ta yi a zo.

Duk wannan yanzu yana cikin wayoyin mutane.

Da safen nan ta sani. Asabar ce ba aiki, ta raka Goggo Marché Dakar sayen nama. Suna tsaye gaban mahauci sai wani ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya faka babur ɗinsa a gefensu, wayarsa na ƙara a aljihun gaba. Kiɗan ta fara ji, ta ce a ranta wannan gangar ta yi kama da tawa. Sai kiɗan ya yanke, wata murya mai barci-barci ta ce, rana ta tamanin da uku, yau ma ganga ta fi ni wayo.

Ɗan babur ɗin ya kwashe da dariya. Mahaucin ya taya shi, yana sara yana maimaitawa. Ashe maganar ta zama abin tsokana a tsakaninsu, duk wanda ciniki ya suɓuce masa sai a ce masa yau ma ganga ta fi ka wayo. Mahaucin ya ƙara da cewa shi wadda take kuka ce ba ya iya saurare, ko wace ce yarinyar nan Allah ya ji ƙan uwarta.

Goggo ta juyo ta dube ta. Ba sai an gaya wa Goggo muryar wa ce ba.

Sumayya ba ta san da wace ƙafa ta dawo gida New Bell ba. Mutum ɗaya ta taɓa bai wa aikinta a duniya, don haka shi ta fara kira. Da ya ambaci Ɓoɓɓo, shi ma ta kira shi ta ce ya rufe rumfarsa ya zo da kwamfutarsa yanzu-yanzu.

Ga shi nan Zailani ya riga shi zuwa, ya durƙusa a gefen kujerarta, kafaɗun rigarsa jiƙe, yana kiranta da muryar nan tasa mai taushi. Muryar da ta tsayar da ita cak a tsakiyar layin 'yan atamfa shekara biyu da suka wuce, yana ninke yadi yana rera wani abu shi kaɗai bai san ana jinsa ba. Saboda muryar nan ta sayi turmi biyu da ba ta da buƙatarsu. Saboda ita manya suka zauna, aka tsayar cewa in ta cika shekarar da ta ɗauka wa kanta za a sa rana.

Ya ce ta dube shi. Ya ce in da ya san abin da ke ciki da hannunsa ya karye kafin ya miƙa. Shi ko buɗe filashin bai yi ba, daga aljihunsa sai hannun Ɓoɓɓo.

Ta dube shi ɗin. Zuciyarta na tafasa, amma can ƙasan tafasar wani abu na roƙonta ta yarda. Kuskure ai ana yafe shi. Za ta sha kunyarta, za ta yi wata guda ba ta bi ta kasuwa ba, za ta jure kallon mutanen ofis in abin ya kai can. Duk za ta iya, in dai Zailaninta bai sani ba.

Goggo Sabuwa na zaune a kan kujera 'yar tsugune a bakin ƙofa tana yanka albasa, don tun farko ta kafa dokar cewa in Zailani na ciki ƙofar nan a buɗe take. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaron nan ya rantse, Sumayya. Harshe ne ya haɗa ku. Ke an haife ki cikin yaren Nasaran nan, shi da girmansa ya tarar da shi."

Ta ce ita ma shekararta sittin a garin amma har gobe in likita ya yi mata bayani sai ta dawo gida an fassara mata. Zailani ya gyaɗa kai da sauri kamar wanda aka ciro daga rijiya.

Sumayya ta ajiye alƙalamin. Ta buɗe baki za ta ce ya tashi, sai ga sallamar Ɓoɓɓo a tsakar gida.

Ya shigo sharkaf, ya rungume kwamfutarsa cikin leda a ƙarƙashin riga kamar jariri. Mutumin Garoua ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shekara goma sha yana zaune ƙarƙashin lema a bakin Marché Congo yana cika wa mutane waya da waƙa da wa'azi. Hausarsa in ta gaji sai ta jingina da Faransanci. Ya gaida Goggo har ƙasa, ya juyo wajen Sumayya yana ta ba ta haƙuri, pardon ma sœur, pardon, shi bai san abin zai kai haka ba.

Ta tambaye shi mutum nawa ya tura wa. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya daina ƙirgawa tun ran Talata, kuma 'yan'uwansa masu sana'ar na kasuwar Dakar da ta Nkololoun duk sun kwafa a wurinsa. Ya so ya sanyaya mata rai, ya ce wallahi mutane na so, har wani ɗan gidan rediyo ya zo yana tambayar wace ce mai kiɗan. Kallon da ta yi masa ya sa ya haɗiye sauran.

"Buɗe ka goge a gabana."

Ya ɗora kwamfutar a gefen tata ya buɗe. Ga su nan a jere, kowace rana da lambarta, yadda ta sa musu da hannunta. Ya zaɓe su duka zai danna, sai ta riƙe masa hannun riga.

A ƙasan allon an rubuta adadinsu. Ɗari biyu da goma sha biyu.

Wani zai iya wucewa bai lura ba. Ban da Sumayya. Mace ce da ta yi wata bakwai tana kwana da lamba tana tashi da lamba, ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗi inda take. Ranar da ta ba da filashin nan rana ta ɗari biyu da goma sha uku ce.

Ta ja kujerar ta matso. Ta fara gangarawa a hankali, tana bin lambobin da yatsa. Ta wuce hamsin, ta wuce ɗari. Ɗari da talatin da takwas. Ɗari da talatin da tara. Ɗari da arba'in da ɗaya.

Ta koma baya ta sake bi. Haka dai.

"Ɓoɓɓo, ina ta ɗari da arba'in?"

Ɓoɓɓo ya dubi Zailani. Zailani ya dubi bango.

"Kai nake tambaya."

"Ma sœur, ni kar ki sa ni a tsakiya."

"Ka riga ka shiga. Ina take?"

Ya ja numfashi ya ce shi dai ba zai yi ƙarya a gaban tsohuwa ba. Zailani ne ya ce a cire ta. Ya zo da filashin da lambar a rubuce a tafin hannunsa, ya tsaya a kansa har sai da ya ga an goge ta. Ya ce shi da ya ga sunan kundin ma sai da ya yi masa magana, ya ce mon frère, wannan kalmar ba kasuwa take nufi ba, aikin da ba a gama ba ne, ka tabbata mai shi ta yarda? Da ya ji akwai surutu a ciki ya sake cewa to bari ya tsince waƙoƙin kawai ya bar sauran. Zailani ya ce a'a, ya zuba duka, ban da guda ɗayan nan.

Wuƙar Goggo ta tsaya a cikin albasa.

Sumayya ba ta yi ihu ba. Ta juyo a hankali ta dubi mutumin da ɗazun nan ya ce daga aljihunsa sai hannun Ɓoɓɓo.

"Wanda bai buɗe ba, a ina ya san lamba?"

Zailani ya miƙe tsaye. Taushin nan duk ya zube daga fuskarsa.

Goggo ta ce wai me ke cikin ta ɗari da arba'in ɗin ne da ake ta wannan abu. Sumayya ba ta amsa da baki ba. Ta juya ga tata kwamfutar, inda komai yake cikakke, ta nemo ranar ta danna. Zailani ya ce kar ta kuskura. Ta ƙara sauti.

Muryarta ta cika ɗakin, a dushe, irin ta wanda bai daɗe da tashi ba.

"Rana ta ɗari da arba'in. Yau ban haɗa sabon abu ba, muryar Zailani na zauna na saurara. Na jera ta rana ta tara da ta jiya. Wallahi babu bambanci ko na ƙwayar gero. Inda numfashi yake sarƙe shi a da, nan yake sarƙe shi yanzu. Na sa masa koren alƙalami a kalanda, sau goma sha tara ya zo tun da muka fara. Ni nake bin muryarsa da na'ura, in ɗaga nan in sauke can har ta hau kan kiɗa, shi kuma in ya ji sai ya ce ka ji murya. Ina son sa. Allah ya sani ina son sa. Amma Zailani ba mawaƙi ba ne tukuna, mai murya ne kawai, kuma ban san bakin da zan gaya masa ba."

Ɓoɓɓo ya sunkuyar da kai yana wasa da ledar kwamfutarsa.

Zailani ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Kin ji daɗi? Kin sake kunna min a gaban mutane?"

Daga nan ya ɓalle. Ya ce eh, ya saurara. Da farko da gaske ya ɗauka na kasuwa ne, don haka ya sa a kunne a shago ya ji abin da za a saki. Kwana uku yana ji, rana bayan rana, har yana tausayinta, har yana cewa a ransa wannan mace Allah ya ba shi. Ran na ukun yana cikin yanka wa wata mata yadi shida ya iso wannan ranar. Almakashin ya karkace a hannunsa ya ɓata turmi guda, kawunsa ya zage shi tas a gaban layi, shi ko jin zagin bai yi ba.

Ya ce wata nawa tana kallon tsabar idonsa tana cewa ya yi kyau, Zailani, ƙara ɗaya dai. Ashe in ya fita zama take tana yi masa faci kamar tsohuwar taya.

"Makirufo kike gaya wa gaskiya. Ni sai ki ba ni murmushi."

Wannan ta shige ta, don ta san ba ƙarya ya yi ba. Sau nawa ta shirya maganar a motar dawowa daga Bonanjo, in ta gan shi ya shigo da fara'arsa da soyayyar ayaba a takarda sai ta haɗiye. Amma ba ta bari ya gani a fuskarta ba.

Ya nuna kalandar da yatsa. Jajayen alamomi sun cika ta maƙil, kore kuwa ɗaiɗai kamar haƙoran tsoho. Ya ce ita tana da damar wannan wasan, tana zaune a ofis mai sanyi, ƙarfe huɗu ta tashi. Shi daga bakwai na safe yana tsaye kan ƙafarsa har magariba, yana ɗaga dila yana saukewa, in ya ce wa kawunsa zai je gwajin waƙa sai ya tambaye shi ko waƙar ce ta biya masa kuɗin mota daga Gusau. 'Yan layinsu sun sa masa suna mawaƙin gobe. Kullum ana tambayarsa ina waƙar, kullum yana cewa saura kaɗan, saboda wata ta rantse sai ta cika takarda da jan alƙalami. Ya ce kalandar nan take so, ba shi ba.

Sumayya ta ce awa guda ta roƙe shi. Ba ta ce ya zo kullum ba, cewa ta yi ko a shago ne, ko yana tafiya ne, ya ɗauki baiti ɗaya ya maimaita ya turo mata. Ya yi kwana huɗu ya bari. Ta ce ita ma ba da kiɗa aka haife ta ba, ya koma ya saurari rana ta ɗaya ya ji abin kunyar da ta haɗa. Bambancinta da shi ɗaya ne, ita ta dawo washegari.

"Naka ciwon na ji shi," ta ce. "Da ka zo ka zage ni a ɗakin nan, da na durƙusa na ba ka haƙuri. Me ya sa ka kai kasuwa?"

Ya ce yana so mutane su ji waƙoƙinsa su yanke hukunci da kansu, ba ita kaɗai ba.

"Ɓoɓɓo ya ce zai tsince maka waƙoƙin. Ka ce a zuba duka."

Zailani ya kau da kai. Jijiyar wuyansa na motsi.

"Na so ki ji yadda ake ji."

Goggo ta yi salati a hankali.

Sumayya ta miƙe.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ji ta sittin da ɗaya?"

Ya dubi ƙasa.

"Zailani, ka ji wadda nake kiran Innata?"

"Na ji."

"Ka ji ta. Ka rubuta lambar taka a tafin hannu don kar ka manta. Tawa ka bar ta."

A karon farko tun shigowarsa ta ga kunya ta gaske a idonsa, sai dai ta zo a makare. Hawayen da take riƙewa tun gaban mahauci suka zubo, masu zafi, ba ta ko share su ba. Yanzu haka wani na zaune a bakin titi da kukan marainiya a aljihunsa, in ya ga dama ya kunna wa abokai, in ya ga dama ya wuce ta ya nemi mai ban dariya. Wanda ya yi mata wannan kuwa shi ne mutumin da take ɓata asubahinta tana gyara wa numfashi don kar duniya ta ji inda ya gaza.

Ta dubi allon kwamfutarta. Ranar na nan a buɗe. Ta dubi Ɓoɓɓo.

Zailani ya riga kowa gane abin da ke ranta. Ya matso da sauri ya tsaya tsakaninta da teburin. Ya ce ta yi wa Allah. Ita mace ce, in an yi dariya kwana biyu za a manta, ba ma wanda ya san fuskarta. Shi da sunansa aka ambace shi a ciki, kuma a layin nan yake cin abinci. In 'yan atamfa suka ji cewa na'ura ce take masa waƙa, kuma daga bakin wadda zai aura, ba zai sake ɗaga kai a Marché Congo ba. Har Gusau sai ta kai.

Goggo ta ajiye tiren albasar ta taso da kyar tana dafa gwiwa. Ta ce Sumayya ta bar shi da Allah, abin da ya yi bai kyauta ba kuma ita da kanta za ta je ta sami kawunsa. Amma kar ta yanke hukunci da zafin rai, akwai maganar manya a tsakani, abin da ya fita ba ya dawowa, ita kanta Sumayya shaida ce. Ɓoɓɓo ma ya sa baki, ya ce ma sœur a bari ruwa ya ɗauke tukuna, yana ta ƙoƙarin tura kwamfutarsa cikin leda.

Sumayya ta ji su duka. Har ta ɗan sassauta, don Goggo ba ta taɓa roƙonta abu ta ƙi ba.

Sai Zailani ya ga kamar ya sami ƙasa. Ya gyara tsayuwa, ya sauke murya.

"Bari in gaya miki a gaban Goggo. In wannan abin ya fita daga ɗakin nan, ni da ke mun gama. Ki zaɓa."

Ta daɗe tana kallonsa. Ko yanzu da yake tsaye a kan laifinsa, bai ce ta yafe masa ba. Sharaɗi yake kafa mata.

Ta sa bayan hannu ta share fuskarta. Ta zagaye shi kamar yadda ake zagaye turmi a tsakar gida, ta zauna a kujerarta, ta miƙa wa Ɓoɓɓo tafin hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Ba ni filashin. Ban taɓa fashin rana ɗaya ba, ba kuma za a yi min giɓi a kasuwa ba. Ta ɗari da arba'in za ta koma gurbinta, kuma kafin la'asar nake so ka fara turawa."